Baba Ishaya, Mai Shan Moɗar Farko

Duk wanda ya taɓa ɗiban ruwa a famfon Shiyar Masaƙa da ke nan Gusau ya san ba a tara tulu sai Baba Ishaya ya gama al'adarsa. Da hantsi yake fitowa, makulli rataye a wuya, moɗa a hannu. Zai buɗe kwaɗo, ya murɗa kan famfo, ya bar ruwan da ya kwana a bututu ya bi kwata har jan tsatsa ya wuce. Sannan ya tara moɗa, ya duba, ya sansana, ya kurɓa, ya juya shi a baki. Mata na ƙunƙuni, 'yan ga-ruwa na buga garwa, shi ko a jikinsa. Sai ya haɗiye ya ce a ɗiba, sannan ake ɗiba.

Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, aikin ruwa ya kawo shi ƙasar nan tun yana da baƙin gashi. Ya yi yasar rijiyoyi a Tsafe da Bungudu kafin a ba shi tsaron wannan famfo. Aikin da aka ɗauke shi ya yi buɗewa ne da rufewa, shan moɗar farko kuwa shi ya ɗora wa kansa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da idanu suka gani tun yana da kunnen ji.

Ruwan famfon nan hali biyu gare shi. Da damina yakan zo da laushi amma da laka. Da rani yakan zo garau amma da zartsi: sabulu ya ƙi kumfa, wake ya ƙi nuna, farin ɓawo ya kama gindin butar shayi. Daga kurɓi guda Ishaya zai ce wa mata yau a ƙara kanwa a tukunya, ya ce wa Arzika mai wanki ya jiƙa kayansa da wuri don yau ruwan ba na wasa ba ne. Godiya dai ba ta cika biyowa ba. Inna Shafa'atu mai ƙosai, wadda bakinta ya fi manta zafi, duk ranar da ƙullinta ya ƙi tashi Ishaya take ɗora wa laifi, sai ka ce shi ke dama ruwan a ɗakinsa. Akwai kuma tsohuwar rijiya a bayan masallaci, wadda aka yi wa ƙaura tun zuwan famfo saboda zartsinta ya fi ƙarfin harshe. Ishaya ya yi mata murfi, kowace shekara yana yashe ta. Mutane suka ce sabo ne ke damunsa.

A azumin bara waccan, wanda ya faɗo tsakiyar damina, aka wayi gari da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kwatoci suka cika suka tumbatsa. Famfo bai kawo ba sai bayan la'asar, lokacin da randunan shiya suka ƙafe, kowace mace tana jiran ruwan dama kunu. Ishaya ya tara moɗa. Ruwa fes, ba laka, ba tsatsa. Ya kurɓa, sai ya ji wani ɗan wari can ƙarshen harshe, irin wanda bai san famfon nan da shi ba. Bai yarda da bakinsa ba, ya shanye moɗar duka, ya sake tarawa ya sake sha. Daga nan ya murɗe kan famfo ya danna kwaɗo, ya ce ruwan yau ba na sha ba ne.

Ba wanda zai iya gaskata shi ko ya ƙaryata, don kowane babba a wurin bakinsa a ɗaure yake. Wata ta ce a ba yaro ya ɗanɗana, Ishaya ya ce ba da ɗan kowa ba. Inna Shafa'atu ta dire tulunta ta ce, "Kai da kac cika cikinka da rana tsaka, mi ka sani ga ƙishirwa? Buɗe muna." Daga baya wani ya jefo magana a kan addininsa, wadda ba ta cancanci a maimaita ba. Aka kira mai unguwa Mamman, ya zo ya duba ruwan da ya rage a moɗa, ya ga ba shi da aibi a ido. Ya nemi makulli, ya ce in ba haka ba gobe zai kai ƙara a canza musu mai tsaro.

Ishaya ya san abin da ke gabansa. Baƙo ne, kuma ga shi ya hana masu azumi ruwa ana dab da shan ruwa. In aka bincika aka tarar ruwan lafiya lau, ba aikin kaɗai zai rasa ba, zaman shiyar ma ya ƙare masa, shi da matarsa Asabe. Tsoro ya ji, ya faɗa da bakinsa daga baya. Amma ya ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, ga makulli a wuyana, mai cirewa ya cire. Ni dai ba zan buɗe ba. Ruwan rijiya sabulu yake ci, wannan kuwa mutum zai ci."

Mai unguwa bai miƙa hannu ba. Ishaya ya ɗauko guga ya buɗe rijiyar bayan masallaci, ya yi ta ja yana cika tuluna har aka kira magariba. Ranar da kunu mai bauri aka sha ruwa, kuma da yawa sun karɓi tulunsu ba ko sannu.

Washegari Ishaya bai fito ba. Asabe ce ta leƙo ta ce amai da gudawa sun kayar da shi, a amalanke aka kai shi asibiti. Masu gyara da suka bi layin bututu suka tarar ya tsage a ƙarƙashin kwata, daidai inda manyan motocin kaya ke takawa, ƙazantar da ruwan sama ya kwaso daga masai tana shiga ciki. A duk faɗin Shiyar Masaƙa mutum ɗaya ne ya kwanta.

Kai ne mutumin nan, Baba Ishaya. Kai ne ka sha abin da aka zage ka don ka hana a sha. Garkuwar bakin famfo, ka tashi daga jinya ba ka nemi kowa ya ba ka haƙuri ba, ka koma kan moɗarka kamar ba a yi ba.

Inna Shafa'atu ba ta iya ban haƙuri da baki ba, kuma ba ta koya ba har yau. Sai dai tun daga lokacin, duk azumi kaskon ƙosanta na farko gidan Ishaya yake zuwa, kuma duk wadda ta yi ƙunƙuni a layi Ishaya yana cikin ɗanɗano, da ita za ta gamu.

Da maganar ajiye aiki ta taso, Ishaya ya fara ɗaure kaya, a ganinsa baƙo in ya gama abin da ya kawo shi sai gida. Ya je sallama wurin mai unguwa Mamman, wanda ya taɓa neman makullin nan, ya ce za a ba wani ɗan shiyar, Bashiru, tsaron famfo, ga moɗa ma zai bar masa. Mai unguwa ya tura masa moɗar gabansa ya ce, "Makulli na gwamnati na, ba su abinsu. Amma Bashiru azumi shikai kamar kowa. In wata ya tsaya, wa ka sha muna?" Asabe ta kwance kayan a ranar.

Mun gode, Baba Ishaya. Allah ya saka maka, ya ƙara maka lafiyar da ka taɓa bayarwa dominmu. Saura kuma duk wanda aka danƙa wa abin da zai shiga cikin jama'a, mai fawa ne ko mai niƙa ko mai tsaron famfo, ga misali nan a bakin kwatar Shiyar Masaƙa. Kafin ka ce wa mutane su ɗiba, fara sha.