Daɓen Falon Kawu Mai Kyamara

Shekara ashirin da shida Kawu Mai Kyamara ya yi yana ɗaukar bidiyon danginsa. Ba a taɓa roƙonsa ba, ba a kuma taɓa samun mai iya hana shi ba. Aikinsa na asali karanta mitar ruwa ne, kuma da wannan natsuwar yake ɗaukar taron iyali. Aibinsa ɗaya: idan ya sauke kyamara daga kafaɗa, yakan manta bai kashe ta ba. Saboda haka kusan rabin kowane kaset daɓen falo ne da ƙafafun kujeru.

Matarsa kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda an ɗauke ta ba. Da ta hango shi, sai ta shige kicin.

Bayan rasuwarta, 'yarsu da ke aure a nesa ta nemi a juye kaset-kaset ɗin yadda za ta iya kallo a waya, ko 'ya'yanta sa san kakarsu. Kawu ya kai kwali guda shagon mai juye kaset. Bayan mako biyu ya koma, aka kunna masa, ya kalla har ƙarshe da hannu a haɓa.

"Kashi biyu na yi, Baba," in ji mai shagon. "Babba na ajiya, ƙarami na kallo daga nesa, don kada ya riƙa tsayawa. Shirmen da ke ciki kuma duk na yanke."

"Ina matata?"

"Ban ga wata mata ba, Baba. Ƙasa kawai na yanke."

"Ai a ƙasan take."

Mai shagon ya dube shi, ya mayar da kaset na asali cikin na'ura. Daɓe ya bayyana, da gefen silifas. Can sai murya ta fito daga kicin: "Malam, jar fitilar kyamarar nan tana ci fa. In ka gama ɗaukar siminti, zo ka sauke min tukunyar nan."

Kawu ya gyara zaman tabarau.

"In na mayar da duk wannan, zai yi nauyi," in ji mai shagon a hankali.

"Matse hoton yadda ka ga dama, ɗana, daɓe ba ya buƙatar fitowa tar. Muryar ce ban yarda ka taɓa ba."

Haka aka yi. Yanzu 'yar tana da awa goma sha ɗaya na daɓe a wayarta, jikokin kuma sun haddace faɗan kakarsu, har suna yi wa ubansu.