Bindigar da Ƙanena Ya Naɗe a Tampol

Ko da zan manta duk riba da asarar da na gani a sana'ar doya, ranar da bindiga ta tashi a ƙofar rumbuna na Ganou ba za ta fita raina ba. Ran wani dattijo ne a hannuna ranar, mai mata da 'ya'ya ƙanana can Nijar, kuma kuɗin cetonsa shi ne in miƙa ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ga hukuma. Ba a ba ni ko lokacin shan ruwa in yi tunani ba.

Ni haifaffiyar Djougou ce, jikar fataken goro, amma ban gaji komai ba sai sanin ciniki. Da tire na fara, har Allah Ya hore mini tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya. Duk ranar kasuwar Partago nakan sayi doya a hannun manoma mu kawo Parakou, ƙanena ne ke tuƙi. Mutum ne mai kirki, aibinsa ɗaya, saurin ɗaukar zancen tasha. A daminar nan an yi ta raɗe-raɗin 'yan fashi a hanya, kowa ka tambaya sai ya ce wani ne ya gaya masa. Ashe shi ya zagaya bayan kasuwa, inda maƙera ke sayar da fartanya da lauje, ya sayi bindiga irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a bi da ƙwayoyin ƙarfe. Ba wanda ya tambaye shi sunansa, balle takarda. Ya san in na gani zan hana, yana kuma tsoron polis na hanya su leƙa gaban mota. Sai ya naɗe ta cikin tampol ɗin da muke ajiyewa saboda ruwan sama, ya ɗora saman kaya, a ɗure. Irin wannan bindiga kuwa in an ɗura ta, ba ta saukuwa sai an harba.

Mun iso unguwar Ganou a Parakou ana kiran la'asar. Ƙanena ya ce bari ya yi alwala, da nufin in ya dawo ya ɗauke kayarsa kafin a fara sauke. Bai yi lissafi da Baba ba. Baba shi ne shugaban 'yan dakon rumbun, mutumin Nijar ne, ya tsufa a aikin, kuma ba ya son ganin mota tsaye da kaya. A wurinmu doya ba a jifa da ita, hannu da hannu ake miƙawa don kada ta ƙuje. Amma igiya da tampol, wurgo su ƙasa ake yi tun farko don a sami fili.

"Hajiya, yau ma kin kwashe wa mutanen Partago abincin shekara?" in ji Baba, yana kwance igiya.

Na ce, "Kai dai sauke, Baba, surutu ba ya cikin ladanka."

Wani ɗan dako ya hau sama, ya ce "A kauce!" ya wurgo tampol. Ƙarar da na ji, na ɗauka taya ce ta fashe. Sai hayaƙi, sai warin albarushi, sai na ga Baba zaune a ƙasa yana kallon cinyarsa kamar ta wani. Wandonsa ya jiƙe da jini kafin in isa gare shi.

Ƙanena ya sheƙo da buta a hannu. Yana ganin tampol ya huje, ya dafe kai ya durƙusa. "Yaya, tawa ce. Na shiga uku."

Nan da nan aka taru, kuma nan ne haɗarin gaske ya fara. Wani maƙwabcina, babban dillali da ake jin maganarsa, ya ja ni gefe. Ya ce, "Hajiya, kada ki kai shi lopital. Likita na ganin raunin bindiga zai kira komisariya, polis su zo. Akwai wani tsohon maharbi a bayan unguwar Kpébié, yana shafa magani ya kira ƙarfen ya fito. Mu rufa wa juna asiri, a gama a gida." Mutane suka ce haka ne, haka aka saba. Mu a zango abin kunya ne a kai ɗan'uwa gaban hukuma, dattawa ke sasanta komai.

Abin da ya fi ba ni tsoro, Baba da kansa ya yarda. "Lafiya lau, Hajiya, ba komai," yake cewa, leɓɓansa sun yi fari. "Kada a ɗaure yaron nan saboda ni."

Na dubi ƙanena, wanda na goya a bayana. Na dubi jinin, na ga ba ɗiga yake ba, tsartuwa yake yi. Na daɗe ina saye da sayarwa, na san kayan da ke jira da wanda ba ya jira. Na kwance ɗankwalina na ɗaure cinyar iya ƙarfina, na ce a tare taksi.

Dillalin ya ce, "Ki tuna da tsohuwarku."

Na ce, "Alhaji, in ya mutu a ɗakin maharbi, wa zai rufa mana wannan asirin? Kai?"

Ƙanena ne ya ɗauki Baba ya sa a mota, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Zaman da na yi a bencin lopital ban san tsawonsa ba. Da likitan ya fito, sai ya ce ƙarfe ɗaya ya taɓa babbar jijiyar jini, da mun biya wani wuri da gawa za mu kawo. Ya ce zai rayu, ƙafar ma ba za a yanke ba. Wallahi sai na zauna a ƙasa ina ta hamdala, polis biyu na tsaye a kaina suna jiran ƙanena, ni kuwa murmushi nake yi.

An ɗaure shi watanni. Tsohuwarmu a Djougou ta daina amsa gaisuwata, sai ranar da Baba ya ɗingisa har gidanmu da sandarsa ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Inna, ɗanki zai fito daga kaso. Ni kuwa da ba a kai ni lopital ba, inda za ni ba a fitowa." Sannan ta kira ni ta ce in zo in ci tuwo.

Abin da ke damuna har yau shi ne, an hukunta mai saye, amma na koma Partago na tarar ana ƙera wasu. In za ka sayi babur sai an rubuta sunanka, layin waya ma sai ka nuna kati, amma abin da ke kashe mutum ana cinikinsa kusa da fartanya. Ban ce a raba maharbi da sana'ar kakanninsa ba. Na ce a san shi, a san bindigarsa, a san maƙerin da ya ƙera, kuma duk wanda ya sayar wa mutumin da ba shi da izini ya sha hukunci daidai da mai riƙewa. Dokar da ke kwance a takarda ba ta tsayar da jini. Ina faɗin haka a taron 'yan kasuwa, wasu na cewa Hajiya ta zama lauya. Su ce. A rumbuna dai ba a sauke motar da ban ga an warware tampol ɗinta a hankali ba.

Darasin da na ɗauka, bindigar da aka saya don tsoron ɓarawo ba ta san ɓarawo ba, wanda ke kusa take ci. In na yi lissafi, na rasa kakar doya guda, na rasa wasu abokan ciniki da suka ce na tona asirin gida, ƙanena ya rasa watanninsa. Baba kuwa yana nan, yana ɗingishi yana yi wa 'yan dako tsawa. Wannan ciniki ko gobe aka sake kawo mini zan saya. Roƙona kawai, hukuma ta tsaya da gaske, kada a sake kai wa wata irinsa.