Bijimi Bakwai da Rabi

Ɗaki huɗu na gina a Batsari da kuɗin sallamata daga koyarwa, jere guda, da banɗaki ɗaya da rijiya a tsakar gida. Ban san komai a harkar haya ba sai abin da wani dillali ya gaya mini ranar da aka gama shafe, wai mai neman ɗaki ya fi duba maƙwabta a kan bango. Na riƙe maganar kamar hadda. Ni kuwa dama akwai baki. Shekara talatin na yi a gaban allo, in na fara bayani sai dai a ƙwace allin.

Ɗaki uku sun cika da wuri, da iyalan da suka baro ƙauyukan Ruma da tabarmi da tukwane. Na huɗun, wanda ke bakin ƙofa, ya yi wata biyar a kulle, kuma kullum na wuce shi sai raina ya ɓaci.

Wata ranar kasuwa, bayan Azahar, wani mutum ya tsaya da babur. Kaftaninsa fes, gaisuwarsa doguwa, har gwiwata mai ciwo ya tambaya da ya ga yadda na miƙe. Ya ce gero da gyaɗa yake saye a wajen Tsaskiya, yana son inda zai riƙa sauka. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko unguwar ta mutanen kirki ce.

Nan na buɗe aji. Na tsaya a ƙofar gida ina nuni da hannu. Wancan gidan na mai kemis ne, wancan ɗansu yana Legas yana turo musu, wancan mai koren ƙyaure kuma na aminina ne, mahauci, wanda ke da bijimi bakwai da rabi a turke a bayan katanga. Mutumin ya yi dariya ya tambayi rabin. Na ce ai na takwas ɗin haɗin gwiwa ne da ƙanensa na Safana, shi ya sa nake tsokanarsa da haka. Duk Batsari ni kaɗai ke yi masa wannan ƙidaya, shi kuma ya rama da cewa fanshona ba zai sayi ko jelar rabin ba.

Na faɗi kuɗin shekara, na ɗora a kai yadda kowa ke yi, ina jiran a nemi ragi. Bai nema ba. Ya biya, ya karɓi makulli. Na san doka sarai: baƙo sai an kai shi gaban mai unguwa, sai kuma ya kawo wanda zai tsaya masa. Ya ce mako mai zuwa zai zo da mutuminsa, na ce babu komai. Ya ajiye tabarma da buta, ya datse ɗakin, ya hau babur.

Da na ba matata labari ina murna, sai ta ajiye tsintsiya ta dube ni. Ta ce ɗan kasuwar hatsi, wanda ke ja-in-ja a kan tiya guda, shi ne zai biya haya bai ce a rage ba? Na ce mata ita komai sai ta sa masa zargi. Amma tuwon ranar bai wuce mini da daɗi ba.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Damina ta sauka, kwaɗon da ya datse ɗakin da shi ya fara tsatsa, ciyawa ta fito a dokin ƙofa. Lambar wayar da ya ba ni ba ta shiga. Na leƙa ta taga na ga tabarmar a naɗe inda ya jingine ta. Mai unguwa ya tare ni a masallaci ya tambayi baƙon nawa, na ce yana kan hanya, ina jin kunyar kaina.

Wata safiya mahauci ya yi sallama, bai tsokane ni ba, bai kuma zauna ba. Ya ce jiya da la'asar mutanen daji, 'yan bindigar nan, sun kira shi a waya. Sun faɗi launin ƙyaurensa, sun faɗi gidajen da ke dama da hagu da shi, sun ce ya shirya.

"Na ce musu ni ɗan fawa ne kawai, Malam. Sai mai maganar ya ce, mun san kana da bijimi bakwai da rabi."

Ya tsaya yana kallona. Tsoro da kunya suka rufe ni.

Cikin kwana uku ya karyar da bijiman, ya loda iyalinsa a mota zuwa Katsina. Kafin su tashi ya tako har ƙofata, ya sa mini makullan gidansa a hannu.

"Ka nema mini ɗan haya, kai ka san harkar," in ji shi. "In ya tambayi maƙwabta, don Allah ka ce ba ka san su ba."