Hannu a Cikin Ƙasa

Ni mahaƙin rijiya ne, ko in ce dā. Shekara talatin ina shiga ƙasa da dagi da masaki, daga Sandamu har ƙauyukan Zango. Da burtsatse ta zo, aka daina nemanmu. Yanzu a inuwar darbejiya nake wuni, a bakin kasuwar Daura, wurin taubashina. Ɗan kawuna ne, dillalin awaki. Shi ke da babbar waya. Ni ban yi boko ba, tawa ta kira ce kawai.

Sau ɗaya rijiya ta rufta da ni. A wani ƙauye ne kusa da Sandamu, ban daɗe da aure ba. Mun kai gaba bakwai muka iske rairayi. Da hantsi gefe ɗaya ya zabtaro. Na ɗaga hannu zan kama igiya, ƙasa ta rufe ni a haka. Masaki ya kife a fuskata, shi ya bar mini ɗan wurin numfashi. Hannuna na dama kaɗai ke waje.

A lokacin akwai ƙa'ida, kowa ya san ta. Ba a sa fartanya kusa da wanda ƙasa ta danne, da hannu ake tono. Mutum ɗaya kuma ba ya tono, aikinsa ya riƙe hannun ya yi ta magana. Duk wanda ya zo bakin rijiyar, ba ya tafiya sai an fito da mutum, da rai ko babu.

Taubashin nan nawa aka zura da igiya. Ya kama hannuna. Ta cikin ƙasa nake jin muryarsa kamar daga bayan gari.

"Ka mutu mana, rago! Akuyar nan taka mai ciki ta zama tawa. In kana ji na, matsa yatsana."

Na matsa.

"Yana da rai, mugun! Maganar akuya ya ji!"

Haka ya yi ta zagina har la'asar. Da aka fito da ni, na ga garin gaba ɗaya a tsaye. Mata sun bar taɓare a cikin turmi. Wani Bafillace ya bar shanunsa sun shiga gonar gero, mai gonar yana gefensa, ƙasa har gwiwar hannu, bai ko waiwayi gonar ba. Wata tsohuwa ta wanke mini ido da bakin zanenta, ta ɗora mini ƙwaryar kunu a cinya. Babu wanda ya sa komai a baki ranar sai da na sha. Rabin mutanen nan ban san su ba. Yawancinsu sun rasu. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, su nake tunawa.

Bara, muna zaune a inuwar, taubashi ya miƙo mini wayarsa.

"Mahaƙi, ga 'yan sana'arku a Falasɗinu."

Dama kullum 'yan majalisarmu suna kallon yaƙin. Gidaje a rushe, mata na gudu, likkafani a jere. Su ce innalillahi, su shafa gilashin da yatsa, wani ya fito, mai rawa ko mai tallar magani. Gyaɗa na bakinsu. Ban cika kallo ba.

Wannan na kalla. Bene ne ya rushe. Maza huɗu a durƙushe suna tono da hannu, babu ko shebur. A tsakiyarsu hannu ɗaya ya fito daga cikin ƙura, na babban mutum, da agogo. Yatsun suka motsa. Na duba ko akwai mai riƙe da shi. Babu. Duk huɗun tono suke yi.

"Ku kama hannun!" Ban san na faɗa da ƙarfi ba.

Sai mai saye ya zo, taubashi ya karɓe wayarsa ya tafi wurin awaki.

Washegari na riga kowa zuwa. Da taubashi ya iso, ko gaisawa ba mu yi ba.

"Kunna mu ga inda suka kai."

Ya dube ni, ya kunna. Maza huɗun nan, hannun nan, ƙasa tana inda take.

"Tun jiya ba su matsa ba? Waɗanne irin mutane ne?"

Majalisa ta fashe da dariya. Taubashi har da buga cinya.

"Kai dai ƙasa ba ta gama fita daga kanka ba! Hoto ne, baƙauye. An ɗauka an gama. Wataƙila ya yi wata uku."

Malamin unguwarmu yana wurin, shi bai yi dariya ba. Ya karɓi wayar, ya karanta Larabcin da ke ƙasa. Ya ce wani mai haɗa hotuna ne ya yanko wannan ɗan wurin, ya rage masa gudu, ya cire ƙarar, ya sa yana komawa farko. Da gangan ya yi, don mai kallo ya tsaya, kada ya wuce.

"To na tsaya, Malam. Ya fito?"

"Bai rubuta ba."

"Sunansa fa? Garinsu?"

"Babu."

Kwana uku 'yan majalisa suna nema mini ragowar hoton. Sun samo hannaye da yawa. Babu mai agogon. Na tambayi Malam wace addu'a zan yi masa, ta mai rai ko ta mamaci. Ya ce in haɗa, Allah ya san inda yake. Haka nake yi bayan kowace salla.

Tun daga nan, in an miƙo mini sabon hoto ba na karɓa. Suna cewa tsoro nake ji. Ba tsoro ba ne. Ban tashi daga bakin rami ɗaya ba, ba zan leƙa wani ba.

Wayar taubashi ta cika, ya goge hotunan biki, ya goge na awakinsa. Wannan bai goge ba. Ban roƙe shi ba.

Wata ranar kasuwa na dawo daga alwala, na same shi shi kaɗai, ya juya wa hanya baya. Bai ji zuwana ba. Hoton ne a hannunsa. Ya ɗora babban yatsansa a kan gilashin, daidai tafin hannun mutumin.

"Kai, rago," ya ce a hankali. "In kana ji na..."

Bai ƙarasa ba. Na zauna kusa da shi. Muna nan har aka kira la'asar.