Kan Jirgin Babanmu

Babanmu bai taɓa mallakar ko keke ba, amma idan ya ce "jirgina" sai ka rantse da guminsa ya saya. Aikin zuba gawayi ya yi a jirgin ƙasa tun yana saurayi. Da aka kawo jirage masu dizal, sai aka jera tsofaffin kawunan jirgi a bayan wata ƙaramar tasha can gabas da mu, aka sallami irin su Baba, shi kuma ya dawo gida Beli ya kama noma.

Noman dai ya kama, amma hankalinsa na can. Duk shekara idan mata suka matse gyaɗar kaka, sai ya ware galan guda na mai, ya ce in kai shi a babur. Ga nisa, ga hanya duk rami. Muna isa zai tuɓe riga ya shige ƙarƙashin kan jirgin da ya yi aiki a kansa, ya bi ƙafafun da gaɓoɓin yana ɗiga mai da gashin kaza. Ya nome ciyawar da ta kewaye shi, ya gyara tsohon kwanon da ya kifa a bakin bututun hayaƙi saboda ruwan sama. Sauran kawunan kuwa tsatsa ta gama da su, har da wanda cediya ta tsiro a cikinsa. Ni da na bar rumfar hatsina a kasuwa, ina gefe ina tsaki, ina ganin man miya na tsiyaya a ƙasa. Da na yi ƙorafi sai ya ce haka aka koya musu, ba a barin jirgi babu mai.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, ranar wata kasuwar Rogo, wasu mutum biyu suka tsaya a rumfata suna neman gidan tsohon ma'aikacin jirgi. Ɗaya alhaji ne, babbar riga da tabarau. Ɗayan kuwa wandonsa duk ƙananan hujin ƙuna ne, irin na masu walda. Wallahi tun a nan raina bai kwanta ba, amma na raka su.

A zaure aka yi gaisuwa har ta ishe ni, aka kawo fura suka sha. Sannan alhajin ya ce mahaifinsa ma direban jirgi ne a wannan layi, kuma an yanke shawarar ɗaukar kan jirgi guda a kai birnin Kano, a yi masa fenti a ajiye a gidan tarihi, 'yan makaranta su riƙa zuwa kallo. Mutanen tasha sun ce birkinsa ya kafe, Baba ne kawai zai iya kwance shi.

Na ce, "Alhaji, wane gidan tarihin? A wace unguwa?"

Kallon da Baba ya yi mini ya isa. Bayan sun tafi ya ce, "Kai, ba ka da kunya? Baƙo ya shigo zaurenka, ya sha furarka, ɗan abokin aikin ubanka kuma, sai ka tsare shi da tambaya kamar ɓarawon akuya?"

"Baba, ka san uban nasa?"

"Direbobi da yawa ne, zan riƙe su duka?"

"To ka ga wandon ɗayan?"

Ya ce shi fuskar mutum yake kallo, ba wando ba.

Ranar da aka sa, muka je tashar. A bayan a-kori-kurarsu na hango tulunan gas an rufa musu buhu. Na jawo Baba gefe na nuna masa, na ce waɗannan fa 'yan gwangwan ne, masu yanka ƙarfe su sayar. Ya ce, "In yankawa za su yi, me zai hana su yanka a nan? Wa zai wahalar da kansa da ja?"

Ya hau, ya yi ta fama da wani ƙarfe mai murɗawa har ya saki. Aka maƙala wani kan jirgi mai dizal a gaba don ya ja shi. Jirgin ya yi ƙara, ya motsa, ƙafafunsa suka juya sumul. Alhajin ya yi dariya ya ce, "Ai mun gwada sauran, Baba, duk sun mutu a tsaye. Naka ne kaɗai ke tafiya." Baba ya washe baki don daɗi. Ni kuwa a nan na gane man gyaɗarmu ne ya fitar da shi daga inda yake zaune lafiya.

Shiru, babu labari. Alhajin ya ce zai aiko a ɗauke Baba ranar buɗewa, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Da damina ta gabato sai maƙeran Rogo suka fito da wasu garemani masu nauyi, ƙarfensu baƙi wuluk, kowa na yabawa. Baba ya tsuguna ya ɗauki guda, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne. Ya tambayi maƙerin inda ya samo ƙarfen.

"Daga Kano ake kawo mana, Baba. Mu ba mu san asalinsa ba."

Ya ajiye bai taya ba. Haka ya riƙa yi kowace kasuwa, ya ƙwanƙwasa ya ajiye, yana ramewa a idona. Haushi da tausayi suka ishe ni, na ce, "Baba, Kanon nan ba Makka ba ce. Mu je mu zagaye ta, in jirgin yana nan mu gan shi, mu huta."

Ya amince. Da safe ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Sallah, muka hau babur har tashar motar Ƙaraye. Mun zauna a gidan gaba, mota ta cika, direba ya tayar. Sai Baba ya dafa hannunsa ya ce ya dakata, ya buɗe ƙofa ya sauka. Na bi shi ina cewa lafiya? Bai dube ni ba.

"In muka je ba mu same shi ba fa? Ni na kwance masa birki da hannuna. Mai da ni gida."