Matakalar da Ba Ta Tsage Ba

Akwai tef na awo a jakarsa kamar kowane magini, amma a shekara arba'in da ya yi yana gini ba a taɓa ganin ya fito da shi wajen aikin matakala ba. Abin da yake fitowa da shi guntayen katako ne guda takwas, kowanne kaurin babban yatsa, duk sun yi baƙi sun yi santsi saboda tafin ƙafar mutane. In aka kira shi aiki, kafin ya taɓa siminti sai ya ce a kawo masa wanda ƙafarsa ta fi rauni a gidan, tsohuwa ce ko mai ciki ko mai ɗingishi. Sai ya jera katakon a ƙasa, ɗaya kan ɗaya, ya ce, "Hau mu gani." In mutum ya ce "wash", ko hannunsa ya kai gwiwa, sai ya zare ɗaya. Haka zai yi ta zarewa har a hau shiru, to wannan shi ne tsawon kowane taki.

Daga nan sunan ya bi shi. Ko jikokinsa in yana nesa Hau-mu-gani suke ce masa.

Gidansa yana kan tudu a bakin tafki, ɗaki uku da baranda. Ta baya akwai gangare, a ƙasan gangaren kuma ɗan fili mai laima wanda ya tafi har bakin ruwa. Shekarar da suka tare ya gina matakala daga baranda zuwa filin, kuma matarsa ya auna. Lokacin tana da ƙuruciya, ta haye katako takwas ɗin duka da bokiti a hannu tana dariya. Ya yi taki tara da dutsen da ya sassaƙa da hannunsa. Shekara talatin da biyar ruwa yana cika yana janyewa, ko tsagar gashi babu a jikinta. Baƙo in ya zo, kafin a ba shi ruwan sha an kai shi ya ga matakala.

Filin na matar ne. Ita ta mai da shi lambu, da tumatir da albasa da bishiyar lemo biyu, ga agwaginta. Kullum in ta gama ban ruwa sai ta zauna a takin ƙarshe ta tsoma ƙafafunta a tafki, ta ce nan ne ofishinta. Sai ga shi shekara shida ke nan lambun ya koma jeji. Da ya tambaya ta ce ta gaji da shi. Shi kuwa ya karɓa, har yakan yi mata tsiya cewa tsohuwa ta yi ritaya ba takarda. Agwagin ma daga baranda take watsa musu hatsi.

Bayan ya ajiye aikin waje, 'ya'yansa suka haɗu suka ce a gyara gidan. Gaskiya gidan ya ji jiki. Danshi ya ci gindin bango har filasta tana zuba kamar gari, gara ta cinye katakon rufin baranda, kwano kuwa in ana ruwa sai an jera robobi a ɗaki. Ya ce ba wanda zai ɗora hannu a gidansa sai a gabansa. Ya ɗauko kafinta da leburori biyu, aka kwaye rufi, aka kankare bango har bulo ya fito, aka bar shi ya sha iska kafin a sake shafe shi. A ƙasa aka sare ciyawa, aka janye kainuwar da ta toshe bakin ruwa, aka jera dutse a inda tafki yake zaizaye ƙasa. Wata biyu gida ya fito fes. Matakala kuwa wanke ta kawai ya yi da buroshi, ya kankare gansakuka, ya tsaya yana kallonta kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Ranar da ake fenti autarsu ta zo. Nas ce, kuma bakinta ba ya ɓoye magana. Ta zaga ko'ina, ta sauka har bakin ruwa, ta dawo tana haki.

"Baba, komai ya yi. Saura matakala."

"Me ta yi miki? Nuna min tsaga ɗaya."

"Ba ta tsage ba. Yaushe rabon Inna da sauka?"

"Ita ta ce ta gaji da lambu."

"Kuma ka yarda? Matar da take kiran lemo 'ya'yanta? Gwiwarta ce, Baba. Ba ta iya takin nan. Ta ce kada in faɗa, wai duk duniya ba abin da kake alfahari da shi kamar matakalar nan, ba za ta sa ka fasa ba."

Abin ya yi masa zafi, kuma ba maganar yarinyar ce ta fi ƙona shi ba, kunya ce. Shi da ya shiga gidajen mutane yana neman ƙafa mai rauni, ga ta a ɗakinsa shekara shida bai gani ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma da yake namiji ne mai taurin kai, abin da ya fito daga bakinsa daban.

"Sai a sa mata ƙarfen dafawa. Mai walda zai yi shi a wuni ɗaya."

"Ƙarfe zai rage tsawon taki ne?"

Kwana uku yana zagaye matakalar yana neman dabarar da za ta hana shi ɗaukar guduma. Ya yi tunanin ƙara rabin taki a tsakani, ya ga wurin sa ƙafa zai ƙuntata. Ya yi tunanin gina wata a gefe, ya ga saiwar lemo ce a wurin, kuma in ya sare lemon to me za ta sauka ta gani? A rana ta huɗu da safe ya shiga ɗaki ya zazzage tsohuwar jakarsa.

Matar tana zaune a baranda tana tsince wake a faranti ya zo ya jera katakon a gabanta.

"Malam, mene ne haka kuma?"

"Kin fi kowa sani. Hau mu gani."

Ta dubi autar, autar ta kau da kai tana danne dariya. Ta ajiye farantin ta miƙe. Takwas ko gwadawa ba ta yi ba. A bakwai ta cije leɓe, a shida hannunta ya kai gwiwa. Da ya rage biyar sai ta hau shiru, ta sauko shiru, ta sake hawa don ya tabbata.

"Biyar," in ji shi, ya sunkuya zai kwashe.

Ta ɗora ƙafa a kan katakon. "Dakata. Ai ba a gama ba. Mai ƙafa mafi rauni a gida ake aunawa, ko ba haka kake gaya wa mutane ba? Mu biyu ne a gidan nan."

"Ni? Ni da nake sauka kullum?"

"Kana sauka a karkace kamar kaguwa. Daga nan nake kallonka, a taki na huɗu kake tsayawa kana yi kamar kana duba ruwa. Hau mu gani."

"Ke, ba na son wasa."

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji autar.

Kafinta da leburori duk sun bar aiki sun zuba ido, ba damar gudu. Ya tattare wandonsa, ya ɗaga ƙafar hagu, wadda ta sha hawa tsani da kwanon siminti a ka, ya ɗora a kan biyar ɗin. Ya yi niyyar ko za a mutu ba zai yi sauti ba. Bakinsa ya kama, amma hannu bai yi shawara da shi ba, sai ga shi dafe da gwiwa. Ba wanda ya yi dariya. Matar ta sunkuya da kanta ta zare katako ɗaya. Ya hau huɗu shiru. Ya daɗe tsaye a kai yana kallon tafki.

Washegari shi ya fara sa guduma. Leburori sun so su karɓa ya hana, ya ce wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Dutsen ya yi gardama, don an gina shi ne ba da niyyar a rushe ba, sai da aka yi kwana biyar. Bai yar da ko ɗaya ba, ya sake sassaƙa su ya mayar. Taki tara ya koma goma sha takwas, kuma da yake gangaren ba zai ɗauke su a miƙe ba, sai ya karya matakalar biyu, ya yi ɗan dandamali a tsakiya da wurin zama. Mai walda ya sa ƙarfe a gefe ɗaya. Kafinta ya ce wannan ai sai mutum ya yi guzuri kafin ya kai ƙasa. Ya ce masa sannu ba ta hana zuwa.

Ya hana kowa takawa har mako guda, yana yayyafa mata ruwa safe da yamma don siminti ya kama. Ranar da ya janye igiyar da ya tare hanya da ita, matar ta fito da tsohon bokitinta na ban ruwa. Ta kama ƙarfe ta fara sauka, yana biye da ita yana kasa kunne, don sana'a ba ta barin mutum. Bai ji komai ba sai ƙarar silifas. A dandamali ba ta ko zauna ba. Da ta kai ƙasa ta wuce wurin lemon ta shafa gindinsu, ta ce sun rame. Sannan ta dawo takin ƙarshe ta zauna, ta tuɓe silifas ta tsoma ƙafafu a ruwa. Agwagi suka taso suna ihu.

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce ruwan ya fi na da sanyi.

Ya zauna kusa da ita. Sai a lokacin ya lura ya sauko a miƙe, bai tsaya duba ruwa a ko'ina ba.

"Da kin faɗa min tun shekara shida," in ji shi.

"Da na faɗa, da biyar za ka yi," ta ce. "Matsa, ka zauna min a kan zane."