Ranar da Na Tsayar da Iya a Zaure

Tun ina ƙarama ban taɓa ganin la'asar ta yi sanyi a gidanmu na Zaitawa ba tare da langa ɗaya ta fita wata ta shigo ba. Ta Umma, mahaifiyata, takan fita da tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa. Ta Iya, maƙwabciyarmu, takan shigo da duk abin da ta dafa ranar, ko da ɗanwake ne. Wannan ciyayya sun fara ta tun suna amare a lungun. Katanga ɗaya ce ta raba tsakar gidanmu da tasu, amma ƙofarsu sai an zagaya. Da muna yara mu ake aika. Da kowa ya girma ya watse, ni kuma aurena ya mutu na dawo gida, sai aikin ya sake faɗowa kaina. Ina dawowa daga ofis, ko mayafi ban cire ba Umma za ta ce langa tana jirana. Ga furfura ta fara leƙo mini, amma haka zan ɗauka ina ƙunƙuni in kai.

Iya jikar Larabawan fatake ce da suka zauna a cikin birni tun da can. Larabcin dai babu, sai na salla. Abin da ta gada shi ne dogon hanci, da hannun yin alkaki da gireba, da kuma faɗa. Tana da ciwon sukari, tana da asma, kuma duk unguwa an san tana cin alkakin nan a ɓoye. Ita ta yi mini wanka ranar da aka haife ni, ba ta kuma taɓa barina na manta ba.

Da daminar shekarar korona, bayan an sassauta dokar kulle mun koma aiki, wani a ofishinmu ya kwanta, aka ce kowa sai an gwada shi. Na je ina mita, aka zura mini tsinken auduga a hanci har na ji shi a tsakiyar kaina. Da sakamako ya fito, wai ina da ita. Ni da ko atishawa ban yi ba! A ranar ma sai da na ƙara tuwo. Na ce wa likitar da ta kira ni ta sake dubawa, wataƙila sun haɗa nawa da na wani. Ta ce a'a, haka abin yake, wasu suna ɗauke da ita lafiyarsu ƙalau, amma suna iya shafa wa wani. Sai ta tambaye ni ko akwai tsofaffi a gida.

Sai a lokacin na tuna. Umma ta kwana biyu tana mura, jikinta da ɗan ɗumi, kuma tana ta zagin mai daddawa wai yanzu daddawa ba ta da ƙamshi ko kaɗan. Ashe hancin ne ya tafi. Aka gwada ta, ita ma tana da ita. Alhamdu lillahi ba ta yi mata tsanani ba, tari ne kaɗan da kasala, da bakin da ba ya bambance gishiri da sukari. Likita ta ce mu zauna a gida mu killace kanmu, Umma ta riƙa shan ruwa da maganin zazzaɓi, in numfashi ya fara yi mata wuya mu kira nan take.

Umma ta saurari duk wannan, sannan ta kafa mini tata dokar: kada kowa ya ji, musamman Iya. Lokacin mutane gudun gida suke in an ambaci cutar a cikinsa, ga shi ba a daɗe da binne dattawa da yawa a cikin gari ba, kowa a tsorace yake. Amma ba wannan ne babban dalilinta ba. Ta ce na san halin Iya, in ta ji, tabarmarta za ta ɗauko ta tare a ɗakin nan da asmarta da komai, babu mai iya fitar da ita. Na ce to ai gara a faɗa mata gaskiya a roƙe ta. Ta ce Iya ba ta san roƙo ba. Na ci gaba da gardama, sai ta dube ni ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Dole na bi dokarta.

Da la'asar surukar Iya ta kawo langa kamar kullum, don ta ga ban je ba. Na tsaya daga nesa da takunkumi a fuska na ce ta ajiye a kan dakali. Tamu ba ta fita ba. Washegari na wanke langar da ruwan zafi da sabulu har sau ba adadi, na shanya ta a rana, na ajiye a zaure aka ɗauka. Ni lissafina na tsafta ne. Sai da aka tafi da ita na tuna cewa a lungunmu mayar wa mutum langa wayam ba shi da maraba da cewa ya riƙe abincinsa. Ko goro ɗaya ne akan jefa a ciki. Umma da ta ji, ta dafe kai ta ce na kashe ta.

Iya ba ta aiko kowa ba, da kanta ta zo. Ta jiyo tarin Umma ta katanga, dubiya kuwa a wurinta ba abin da ake neman izini ba ne. Ina shara na ji sallamarta da ƙarar sandarta a zaure. Na yar da tsintsiya na ruga na tsaya a bakin ƙofar ciki, na ce Umma barci take. Ban rufe baki ba Umma ta yi tari, rediyonta kuma yana ta magana. Iya ta dube ni ta saman tabarau. Ta tambayi wannan ƙyalle da na ɗaura a baki a cikin gidan ubana na mene ne. Na ce mura nake. Ta matso ta miƙo hannu za ta taɓa goshina, yadda ta saba tun ina cikin zani, sai na ja da baya.

Har yau ina ganin hannun nan a tsaye a iska. Ta dube shi, ta mayar cikin mayafi. Ta ciro ƙullin tazargade da citta da ta zo da shi don Umma ta yi sirace, ta ajiye a kan dakali.

"A gaishe ta in ta tashi," ta ce, ta juya.

Na shiga ciki na yi kuka, na kuma yi wa Umma rashin kunyar da ban taɓa yi ba. 

Daga ranar langa ta daina zuwa. Katangar ma ta yi shiru. Da can da safe Iya takan ɗaga murya ta tambayi kwanan Umma, Umma ta amsa daga madafi, su yi gulmar farashin tumatir ba wadda ta ga wata. Yanzu ko faɗan da take yi wa kaji ta rage. Surukarta ta kira ni a waya a ɓoye, ta ce tsohuwa ta zauna tana ta bincikar kanta, ko wata magana ce ta faɗa a gidan suna, ko wani ne ya kai gulma. Wai Iya cewa take gaba ce Umma ta ɗaura da ita bayan tsufa, ita kuma ba za ta je inda ake gudunta ba. Abincin ma sai an yi da gaske take ci, ga mai ciwon sukari.

Ni kuwa ina nan garau, ko ciwon kai babu, sai ƙiba da nake yi saboda zaman gida. Wani lokaci har haushin lafiyar nake ji. Da ina kwance ina nishi da kowa ya gane dalilin rufe ƙofa. Ga kuma tsoron da ke cina: kafin gwajin nan kullum ina kan tabarmar Iya, muna hira, ina shan ruwa a kofinta. Duk tarin da na jiyo daga gidansu sai na tsaya cak ina saurare.

Zazzaɓin Umma ya sauka, tarin ya yi sauƙi, amma ita ba ta warware ba. Takan zauna a tsakar gida da faifan wake a cinya, fuskarta wajen katanga, wake ɗaya a hannu har inuwa ta gusa. Wata la'asar bayan an ɗauke ruwan sama na gaji. Na ce mata zan faɗa wa Iya, in ya so ta tsine mini. Ta kawar da kai ba ta ce komai ba. A gidanmu shirun Umma izini ne.

Na kife turmi a gindin katanga na hau, na gyara takunkumi, na leƙa. Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ta rame. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ce mata korona ce, ni da Umma, shi ya sa. Ta ɗago ta ƙare mini kallo, ta ce ni ɗin da kumatuna suka kusa rufe idanuna? In nemi wata ƙaryar. Na rantse mata, na yi mata bayanin da likita ta yi mini, na ce ta Umma ce ta nuna, kuma ta samu sauƙi.  Can ta ce wa surukarta ta kawo mata kujera gindin katanga.

Na waiwaya, ashe Umma ma ta jawo tata ta zauna a ɓangarenmu. Ba sa ganin juna, ni kaɗai a kan turmi nake ganin su duka biyu.

"Ke mai taurin kai," in ji Iya. "Da Allah ya ɗauke ki fa? Wa zai wanke ki? Ko kin manta alkawarin?"

Ranar na fara sanin cewa tun suna da ƙuruciya suka yi wa juna alkawari, duk wadda ta riga tafiya ɗayar ce za ta yi mata wanka ta sa mata likkafani.

"Ban manta ba," Umma ta ce. "Ai shi na tuna. In na shafa miki muka tafi tare, wa zai wanke wata?"

Iya ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai dariya ta ƙwace mata, dariyar ta koma tari. Umma ta miƙe tsaye a firgice tana tambayar ko lafiya, Iya ta ce ta zauna, asmarta ce ta gado, ba irin tasu ta 'yan zamani ba. Sai ta shiga lissafo wa Umma laifuffukanta, tun daga langar da aka mayar mata wayam, Umma tana cewa ai laifin wannan shashashar 'yar ce, ba nata ba.

Muryoyinsu ƙalau, kamar ba abin da ya faru. Amma ina kallon Iya tana share ido da gefen mayafi, hawaye na bin dogon hancin nan. Ta ɗago ta gan ni, ta ɗora yatsa a baki, wato kada in faɗa. Na juyo ɓangarenmu, Umma ma fuskarta sharkaf, ta harare ni ta girgiza mini kai.

Na sauko daga kan turmin na bar musu katangarsu.